Sanya Suna a Takardar Bincike: Abin da Ƙa'idar ICMJE Ta Ce

Wata magana ta yaɗu tsakanin masu bincike cewa tunda ana auna haɗin gwiwar jami'o'i da yawan takardun da aka rubuta tare da masanan ƙasashen waje, ya zama dole a cusa sunan duk wanda ya raɓi aikin. Gaskiya ne cewa jerin martabar jami'o'in duniya na mujallar Times Higher Education yana ba da kashi 2.5 cikin 100 na makinsa ga irin waɗannan takardu, kuma daga adireshin marubuta a rumbun bayanan takardun bincike na Scopus ake ƙirga su. Amma wannan ƙidaya ce kawai, ba ita ke tantance wanda ya cancanci suna ba.

Ƙa'idar da ta fi karɓuwa ita ce ta kwamitin editocin mujallun likitanci, ICMJE, kuma ta hau kan duk mai aika aiki zuwa mujallar da ke bin ta. Sharuɗɗanta huɗu ne, sai an cika su duka: taka rawa ta haƙiƙa wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, rubuta takardar ko yi mata gyara mai ma'ana, amincewa da sigar ƙarshe, da ɗaukar alhakin aikin. Wanda ya samo kuɗi ko yake shugabantar sashe kaɗai, wurinsa sashen godiya ne.

Sharaɗi na huɗu, wanda aka ƙara a 2013, shi ke tsorata mutane, domin sun ɗauka duk kuskuren abokin aiki zai faɗo kansu. Abin da ake nema shi ne marubuci ya yarda a binciki duk tambayar da ta taso kan ingancin aikin har a warware ta, kuma ya iya nuna wanda ya yi kowane ɓangare. Wannan abu ne mai sauƙi ga mutum uku, amma da wuya ga takardar kimiyyar fiziks ta 2015 mai marubuta 5,154.

Kwamitin ba ya hukunta kowa. Idan rigima ta tashi kan suna, edita ba ya yin alƙalanci, jami'ar da aka yi aikin ce ke bincike, mujalla kuma ta buga gyara ko ta janye takardar. A nan ne ƙaramin ma'aikaci ke cutuwa, domin ko da yake ƙa'idar ta hana a ƙi ba wanda ya tattara bayanai damar shiga rubutun, sau da yawa ƙarar da zai kai a kan maigidansa ce a wannan jami'ar.