Waken da ƙwaro ya ƙi ci

Duk Hajiyar da ta shiga Dawanau ko Kasuwar Rimi yin awo, abin da take fara yi shi ne ta ɗebi wake a tafin hannu ta duba ko akwai huji. In ta gan shi fari tas, babu ƙwaro ko ɗaya, sai a shiga ciniki. Ni malamin gona ne, aikina ya fi yawa wajen ajiyar amfanin gona, kuma tambayar da nake roƙon kowace uwar gida ta fara yi ita ce: me ya hana ƙwaro cin wannan waken watanni bayan girbi?

Galibi amsar ɗaya ce daga cikin biyu. Ko dai an shanya shi ya bushe ƙarau, aka zuba a abin da iska ba ta shiga, kamar duro mai murfi, ko jarka, ko buhun PICS mai leda biyu a ciki, ƙwarin suka mutu don rashin numfashi. Ko kuwa an yayyafa masa fiya-fiya aka ɗinke buhu. Mai kaya ya san wacce ya bi. Mai saye ba ta sani ba, ido kuma ba zai taɓa gaya mata ba.

A nan kasuwa take fara lalacewa. Alhajin da ya sayi buhunan kirki ya kashe kuɗi da lokaci, maƙwabcinsa kuwa kwalba ɗaya ta ishe shi buhuna masu yawa. Tunda a faranti duk fari ne, kuɗin kwano ɗaya za a taya musu. Mai gaskiya ya ce a ƙara masa ɗan wani abu, sai a ce ya cika tsada, a wuce gaba. Shekara ɗaya, biyu, yana ganin ribarsa tana tafiya aljihun wani. Daga nan ko ya bar sana'ar, ko shi ma ya sayi kwalbar. Na sha zama da irin waɗannan bayin Allah a bakin sito, ba mugaye ba ne, kasuwar ce ba ta biyan ladan amanarsu. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin wannan tun 1970 da misalin motocin hannu: idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da mai ciwo, masu kyan sai su janye daga kasuwa a bar tarkace. Aikin na cikin abin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2001.

Mu ma mun ɗanɗana. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun sinadarin dichlorvos, wato gubar da ke cikin fiya-fiya, fiye da ƙa'idarsu ta miligiram 0.01 a kowane kilo. Aka kuma tsawaita haramcin. Ba su ware mai algus da mai amana ba. Wake ɗaya ya ɓata gari, manomin da bai taɓa riƙe kwalbar ba shi ma ƙofar ta rufe masa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya rage a gida, wanda 'ya'yanmu suke ci a garau-garau da ƙosai da alala. Wannan guba tana kawo amai, gudawa, dalalar da miyau, zufa, da sarƙewar numfashi. In aka ga haka a gida bayan cin abinci, musamman in mutum fiye da ɗaya ne, a garzaya asibiti nan take, a tafi da ragowar abincin. Kada a tsaya ɗura madara ko manja.

Hajiya, ki shinshina waken kafin a auna, in kin ji warin magani ki bar shi. Ki tambayi mai kaya yadda ya ajiye, ki ce ya nuna miki buhun. Wanki da zubar da ruwan tafasar farko suna ragewa, amma ba tabbacin tsira ba ne. Waken da ƙwaro ya ɗan taɓa ba ya cutarwa, a tsince a dafa. Kuma in kin samu mai ajiya ta gari, ki biya shi bambancin, ki riƙe shi, ki kai masa maƙwabta.

Ku kuma iyayenmu 'yan kasuwa, kun san hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Wanda ya ajiye wakensa ba magani, ya kwance buhun a gaban mai saye, leda bayan leda. Shugabannin layi kuma su ware wa irin waɗannan rumfuna alama ta musamman, su riƙa zagayawa sito suna dubawa tun lokacin kaka, sa'ad da ake ɗinke buhuna.