Ƙuda a Hanci da Sabulun Zabłocki: Ma'anar Fassarar Kalma-da-Kalma a Salon Maganar Mutanen Poland

Akwai wani wasan wasa ƙwaƙwalwa da ya yaɗu tsakanin masu sha'awar harsuna, inda ake ɗauko wani salon magana daga harshen Poland, a juya kalmominsa ɗaya bayan ɗaya zuwa Turanci ba tare da an taɓa ma'anarsa ba, sannan a miƙa wa wanda bai san harshen ba a ce ya canki abin da ake nufi. Wannan juyi shi ake kira fassarar kalma-da-kalma. Salon magana kuwa jerin kalmomi ne da suka daɗe tare har suka sami wata ma'ana wadda ba a samun ta ta hanyar tara ma'anonin kalmomin da ke ciki, kamar yadda Bahaushe yake cewa wane yana da farin jini alhali ba wanda ya taɓa ganin launin jininsa. Masana harshe a Poland suna kiran irin wannan jeri frazeologizm, kuma sun bambanta shi da karin magana, domin karin magana jimla ce cikakkiya mai ɗauke da hukunci, shi kuwa salon magana sau da yawa guntu ne da ake sakawa cikin jimla.

Ba abin mamaki ba ne da wasan ya fi kama ƙasa tsakanin harshen Poland da Turanci. Bayan shigar Poland Tarayyar Turai a 2004, dubban ɗaruruwan 'yan ƙasar sun tafi neman aiki a Birtaniya da Ireland, har ƙidayar 2011 ta nuna cewa mutum kusan 546,000 a Ingila da Wales harshen Poland ne babban harshensu. Mutumin da yake aiki da baƙon harshe duk yini dole wata rana tunanin gidansu ya kuɓuce masa, ya gaya wa abokin aikinsa Bature cewa maigida yau yana da ƙudaje a hanci, Baturen kuma ya tsaya yana kallonsa.

Abin da fassarar kalma-da-kalma take yi shi ne ta ƙetarar da hoton da ke cikin magana, ta bar yarjejeniyar da masu harshen suka yi a kan hoton a gida. Saboda haka mai canka yana riƙe da rabin kaya ne kawai, kuma nasararsa ta dogara ga yadda hoton yake iya bayyana kansa. Wasu hotunan suna iyawa sosai. Idan ɗan Poland ya ce rzucać grochem o ścianę, wato jifan bango da wake, kusan kowa zai gane cewa ana maganar yi wa wanda ba ya ji nasiha, domin ko'ina a duniya busasshen wake idan ya bugi bango dawowa yake yi. Haka robić z igły widły, mayar da allura babban cokali mai yatsu na ƙarfe irin wanda manoma suke ɗaga ciyawa da shi, ma'anarsa kambama ƙaramin abu. Musztarda po obiedzie, kawo yajin dangwala nama bayan an gama cin abinci, shi ne abin da muke kira ihu bayan hari. Shi kuma wanda ya yi maka alkawarin gruszki na wierzbie, wato 'ya'yan itace masu zaƙi a kan wata bishiyar bakin rafi da ba ta taɓa haifar abin ci ba, romon baka ya yi maka. Waɗannan ba sa bukatar sanin Poland, hankali kawai suke bukata.

Wasan yana fara ɗaukar zafi ne a inda hoton yake da ƙofa fiye da ɗaya. Ƙudajen nan na hanci, mieć muchy w nosie, wanda ya ji su zai iya zaton ƙazanta ake nufi, ko mura, ko ma mutuwa, tun da gawa ce ƙuda yake bi. Ma'anar ita ce mutum ya tashi da ɓacin rai yana ta cika yana batsewa, kuma da zarar an faɗa maka sai ka tuna da doki ko saniya da ƙuda ya shiga wa hanci tana ta fyace tana kaɗa kai. Wiercić komuś dziurę w brzuchu, huda rami a cikin wani, ya yi kama da kisa ko cin amana, amma abin da yaro yake yi wa uwarsa ne idan ya matsa mata da roƙon abu ɗaya tun safe. Być nie w sosie, rashin kasancewa cikin miya, shi ma ɓacin rai ne, ko da yake mai canka zai fi karkata ga cewa an ware mutum daga rabon wani alheri. Wanda giwa ta taka wa kunne, słoń nadepnął mu na ucho, ba kurma ba ne, mutum ne wanda ba ya iya bin amon waƙa. Wanda ya shuri kalanda kuwa, kopnął w kalendarz, ba alkawari ya saɓa ba, mutuwa ya yi, kuma magana ce ta raha da ba a furta ta a gidan makoki.

A ganina mafi daɗi a wannan rukuni shi ne wpuścić kogoś w maliny, shigar da mutum cikin gonar wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace masu zaƙi. Duk wanda ya san su a kwano kawai zai ɗauka kyautatawa ce. Sai wanda ya taɓa ganin yadda suke tsiro, a sarƙaƙƙen kurmi mai ƙaya wanda shigarsa ta fi fitarsa sauƙi, shi zai gane cewa yaudara ake nufi, a ja mutum da zaƙi a bar shi cikin ƙaya. A nan kuskuren mai canka ba daga rashin basira ya zo ba. Ya cike gurbin da fassara ta bari da abin da ya sani a ƙasarsu ne, kuma yawancin kura-kuran wannan wasa daga nan suke fitowa.

Akwai kuma ɓarnar da ita kanta fassarar take yi tun kafin magana ta isa kunnen mai canka. Myśleć o niebieskich migdałach kullum ana juya shi zuwa tunanin shuɗin almon, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa, kuma ma'anarsa mutum ya lula cikin mafarkin ido biyu. Amma kalmar niebieski ta fito ne daga niebo, wadda take nufin sama da kuma aljanna, don haka tana nufin shuɗi tana kuma nufin abin da ya shafi sama. Ɗan Poland yana jin duka biyun a lokaci guda, mai fassara kuwa tilas ya zaɓi ɗaya, kuma yakan zaɓi shuɗi saboda ya fi ban dariya, alhali ɗaya ma'anar ce ta fi kusantar da mai canka ga amsa. Wani lokaci kuma amo ne yake zubewa. Pierwsze koty za płoty, kyanwowin farko bayan shinge, ana faɗarsa idan an gama gwajin farko na wani aiki ko da bai yi kyau ba, kuma abin da ya riƙe maganar a bakin mutane shi ne karin sautin koty da płoty. Idan aka juya ta zuwa Turanci sai a rasa karin, a bar kyanwa da shinge tsirara, mai sauraro yana neman hikimar da ba a nan take ba.

Rukunin da ba ya cankuwa ko kaɗan shi ne wanda tarihi ya haifa, kuma harshen Poland cike yake da shi, saboda ƙasa ce da maƙwabtanta suka raba ta sau uku, a 1772 da 1793 da 1795, tsakanin Rasha da Furusiya (tsohuwar masarautar Jamusawa) da Ostiriya, ta ɓace daga taswira shekara 123 kafin ta dawo a 1918. Kusan kowane maƙwabci ya sami nasa rabon a bakin mutane. Zancen banza shi ne austriackie gadanie, surutun Ostiriya. Abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi ana cewa raz na ruski rok, sau ɗaya a shekarar Rasha, kuma bayanin da aka fi bayarwa ya danganta shi da kalanda: Poland ta karɓi sabuwar kalandar Giregori tun 1582, Rasha kuwa ta ci gaba da tsohuwar har 1918, don haka watanta da shekararta kullum suna ƙarewa a makare, da kwana 12 a ƙarni na 19. Wanda ya zauna a taro bai fahimci komai ba ana cewa ya zauna jak na tureckim kazaniu, kamar a wurin wa'azin Turkawa, abin da yake tuna zamanin da Poland take iyaka da Daular Usmaniyya ta Turkawa, suna ciniki suna yaƙi, har zuwa lokacin da Sarkin Poland Jan Sobieski ya jagoranci rundunar da ta kori Turkawa daga ƙofar Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1683. Akwai wani tsohon zubi na maganar da yake cewa wa'azin Jamusawa, kuma wannan bai zo da mamaki ba idan aka lura cewa sunan Bajamushe a harshen, Niemiec, tushensa ɗaya da kalmar bebe. Yin kamar ba ka san zancen ba shi ne udawać Greka, kwaikwayon mutumin Girka. Rikitaccen al'amari da ba wanda ya san gabansa da bayansa shi ne czeski film, fim ɗin ƙasar Cek, kuma wannan sabo ne, domin ya samo asali daga wani fim ɗin barkwanci na Cekoslobakiya na 1947 wanda sunansa yake nufin ba wanda ya san komai. Sunan fim ɗin ne ya zama ma'anar, shi ya sa ba yadda baƙo zai gano ta daga kalmomin biyu.

Sunayen mutane ma haka suke. Idan aka ce ka dogara da wane jak na Zawiszy, kamar yadda ake dogara da Zawisza, sai ka san cewa Zawisza Czarny jarumi ne da ya yi yaƙin Grunwald a 1410, ya kuma mutu a 1428 a Golubac, a gaɓar kogin Danub, yana kare bayan rundunar Sarki Sigismund na Hungary da take ja da baya. Sunansa ya zama ma'aunin cika alkawari har ya shiga dokar 'yan sikawut na Poland. Kishiyarsa a sa'a shi ne mutumin da ake cewa wyjść jak Zabłocki na mydle, fita kamar yadda Zabłocki ya fita a cinikin sabulu. Labarin da ake bayarwa shi ne wani mai gonaki ne na ƙarni na 19 da ya yi sabulu mai yawa zai kai tashar jiragen ruwa ta Gdańsk ta kogin Wisła, sai ya ga kuɗin kwastan na Furusiya ya yi masa yawa, ya sa aka ɗaure akwatunan a ƙarƙashin jirage cikin ruwa domin a wuce da su a ɓoye. An wuce kwastan lafiya, amma da aka isa aka buɗe akwatunan sai aka tarar ruwa ya shiga ya narkar da sabulun. Garin neman gira ya rasa ido, kuma har yau duk wanda ya yi dabarar riba ya ƙare da asara ana haɗa shi da wannan suna. Baturen da aka ba wannan magana ya canka yakan ɗauka zamewa aka yi a kan sabulu aka faɗi, wanda bai yi nisa da gaskiya ba ta fuskar sakamako, amma ya rasa kwastan ɗin da kogin, waɗanda su ne gishirin zancen.

Ya kamata a bambanta wannan wasa da wani abu da yake kama da shi, wanda masana a Poland suke kira kalka, wato aron magana ta hanyar fassara ta kalma-da-kalma har ta zauna a sabon harshe. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne nie mój cyrk, nie moje małpy, gidan wasan dabbobin ba nawa ba ne, birai ma ba nawa ba ne, ma'ana ba ruwana. Wannan magana ta fara ne a matsayin abin dariya da ake nuna wa masu jin Turanci, amma da yake hotonta ba ya bukatar bayani, kuma kowa yana da wani hargitsi a wurin aiki da yake so ya tsame hannunsa daga ciki, sai suka riƙe ta, yanzu ana jin ta a bakin Amurkawa da Turawan Ingila, wasunsu ba su ma san inda ta fito ba. Maganar da ta wuce iyaka ta wannan hanya ta daina zama abin canka. 'Yar'uwarta co ma piernik do wiatraka, me ya haɗa biskit ɗin zuma da injin niƙa mai aiki da iska, ba ta sami wannan sa'a ba, ko da yake ma'anarta a fili take, daidai da namu na me ya haɗa kifi da kaska. Masu raha a Poland sukan amsa tambayar da cewa gari ne ya haɗa su, tun da injin ne yake niƙa garin da ake kwaɓa biskit ɗin da shi, irin wanda birnin Toruń ya yi suna a kansa tun ƙarnoni da suka wuce.

Ga mai fassara na gaske, wanda labari ko jawabi yake gabansa, abin da yake nishaɗi a wasa matsala ce ta aiki. Idan salon maganar ya zo ne kawai domin ya isar da ma'ana, hanya mafi aminci ita ce a nemo takwaransa a harshen da ake fassarawa zuwa gare shi, a ce abu ya zo da sauƙi kamar shan ruwa a maimakon bułka z masłem, burodi da man shanu. Idan kuwa marubucin ya gina wani abu a kan hoton, misali ya ambaci sabulun Zabłocki a labarin ɗan kasuwar da ya yi fasa-ƙwauri, to musanya shi zai rushe ginin, sai a bar hoton yadda yake a ƙara 'yan kalmomi da za su nuna wa mai karatu asarar da ake nufi.