Wai duk "Lord" ɗan gidan sarauta ne?

Mutanenmu da yawa da sun ji an ce Lord Lugard sai su ɗauka ɗan gidan sarautar Ingila ne aka turo mana. Wallahi ba haka bane. A Madras ta Indiya aka haife shi 1858, babansa limamin coci ne, shi Lugard ɗin soja ya shiga, kuma sai 1928 aka ba shi wannan Lord ɗin, lokacin ya daɗe da barin Najeriya.

Su fa can a wancan zamanin ko a gidan manyan ma babban ɗa namiji ne kawai ke gadon sarauta da gida da gonaki, ƙannen sai dai aikin soja ko coci ko a tafi ƙasashen mallaka neman na kai. Dubi Churchill ma, tsohon firaministan Birtaniya, jikan Duke na Marlborough ne amma babansa ƙane ne, shi kuwa da aikin soja da rubutun jarida ya fara cin abinci.