Gudawar da ta ƙi jin magani, a daina cewa basir ne kawai

'Yan uwa, akwai irin marasa lafiyar da ganinsu ke sosa mini rai a wurin aiki. Matashi ne, shekarunsa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, amma wandonsa sai ya ɗaure da igiya saboda rama. Wata da watanni yana gudawa, cikinsa na murɗawa ta gefen dama a ƙasan cibiya. Ya sha Flagyl daga kemis, ya sha jiƙon basir gora-gora. Wani lokaci har da ƙurji a gefen dubura mai yoyon ruwa yana ɓata masa wando, kunya ta hana shi faɗa wa kowa.

Cikin cututtukan da ke kawo haka akwai cutar Crohn. Sunan likitan Amurka ne, Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka yi bayaninta a New York a 1932. Garkuwar jiki ce ke far wa hanji, ya kumbura ya yi gyambo. Tana iya taɓa ko'ina daga baki zuwa dubura, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji. Ba a ɗaukarta daga wani.

Ta fi yawa a Arewacin Turai da Arewacin Amurka, musamman a tsakanin Yahudawan da asalinsu Turai ne, shi ya sa aka daɗe ana kiranta ciwon Turawa. Sai dai yanzu tana ƙaruwa a Indiya da Sin, baƙar fata ma suna kamuwa. Yawanci tana farawa tsakanin shekara 15 zuwa 30, kuma shan taba na ƙara haɗarinta.

A ƙasashenmu babbar matsalar ita ce kamanninta da tarin fuka na hanji, har ƙwararren likita sai ya yi a hankali. Maganin Crohn yana kwantar da garkuwar jiki, idan aka bai wa mai tarin fuka sai ciwonsa ya ƙazanta. Don haka dole a duba hanjin da na'ura mai kyamara, a ɗan gutsuro nama a gwada.

Cutar Crohn ba ta warkewa ɗungurungum, amma magani na kwantar da ita, mutum ya koma kasuwarsa ko makarantarsa. Don Allah, gudawar da ta wuce wata guda, ga rama ko jini, a nufi babban asibiti. Kafin nan a guji ibuprofen da diclofenac, suna iya tayar da ita.