Haɗa Magunguna a Jinyar Sankarar Huhu Mai Yaɗuwa

Haɗa magunguna hanya ce ta jinyar sankarar huhu inda ake bai wa majiyyaci magani biyu ko uku a lokaci guda, kowanne da ɓangaren da yake kai wa hari. An fi bin ta idan cutar ta bar huhu ta bi jini ta sauka a ƙwaƙwalwa, ƙashi ko hanta, inda tiyata ba za ta wadatar ba.

Dalilin haɗin shi ne ƙwayoyin da ke cikin ƙari ɗaya ba halinsu ɗaya ba. Magani guda kan kashe mafi yawansu, sai 'yan tsirarun da suka jure masa su hayayyafa su maye gurbi. Dabara ce irin ta jinyar tarin fuka, inda ake fara wa mutum da magunguna huɗu a watanni biyun farko.

Shekaru da dama ginshiƙin jinyar shi ne cisplatin, wanda Amurka ta amince da shi a 1978, ko ɗan'uwansa carboplatin, a haɗa da wani maganin kimoterafi irinsu, wato magungunan da ke kashe ƙwayoyin sankara kai tsaye. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2002 ya gwada irin waɗannan haɗe-haɗe guda huɗu, babu wanda ya yi wa sauran zarra. Rabin majiyyatan ba su haura wata takwas ba. A 2018 aka nuna cewa ƙara pembrolizumab a kan carboplatin da pemetrexed (wani maganin kimoterafi) yana tsawaita rai. Shi pembrolizumab ba ya kashe sankara da kansa, garkuwar jiki yake buɗe wa ido ta gane ta.

Labarin sauyin ƙwayar halitta mai suna EGFR ya fi nuna yadda abin yake. An gano shi a 2004, kuma an fi samunsa a mutanen gabashin Asiya da waɗanda ba su taɓa shan taba ba. Ƙwayar magani mai suna osimertinib takan toshe shi, har tana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, amma daga baya sankarar kan ɓullo ta wata ƙofar, sau da yawa ta hanyar wata ƙwayar halittar mai suna MET. A gwajin FLAURA2 na 2023, waɗanda suka haɗa ta da kimoterafi sun yi kimanin wata 25 cutar ba ta ci gaba ba, masu shan ta ita kaɗai kusan wata 17. A 2024 Amurka ta amince da wannan haɗi, da kuma haɗin magungunan amivantamab da lazertinib, wanda ke toshe EGFR da MET duka biyun.

Ribar, in za a faɗi gaskiya, ta watanni ce, kuma jiki ne ke biyan kuɗinta: ƙarancin jini, ƙuraje, gudawa, daskarewar jini a jijiya. Shi ya sa likita ba ya zaɓar haɗi sai an ciro ɗan tsoka daga ƙarin an tantance sauyin da ke cikinsa, an kuma duba ƙarfin ƙodar majiyyacin.