Ai Ya Gani Da Idonsa, Ba Zai Yi Ƙarya Ba?

An daɗe ana cewa littafin tarihin rayuwa da manyan gwamnatin Hitler suka rubuta gaskiya ce zalla, tunda da su aka yi. Ba laifin mai karatu ba ne, amma fa mai rubutun kansa yake wankewa. Dubi Albert Speer, ministan makamai, ya sha ɗaurin shekara 20, a littafinsa na 1969 ya nuna kamar bai san ana kashe Yahudawa ba, sai ga wasiƙarsa ta 1971 ta fito daga baya inda ya amsa yana wurin lokacin da Himmler, babban jami'in tsaron Hitler, ya faɗi maganar kashe Yahudawa a 1943. In ka karanta irin wannan, duba yaushe aka rubuta, me yake tsoro, sannan ka gwada da takardun kotun Nuremberg, wadda ta yi wa manyan gwamnatin Hitler shari'a bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Don Allah a tura wa wasu.