Zaɓen tsakiyar wa'adi a Amurka: rinjaye a Majalisar Wakilai ba ya fitar da shugaba daga fada

Da zarar an fara sanar da sakamakon zaɓen tsakiyar wa'adi na Amurka, sai saƙonnin murya su cika WhatsApp tun kafin a gama ƙirga ƙuri'u. Wannan ya ce shugaban Amurka ya sha kaye, kwanansa a fada ya ƙare. Wancan ya ce 'yan adawa sun ƙwace majalisa, saboda haka nan da 'yan makonni za a tsige shi. Mafi muni shi ne wanda ake tura wa masu neman biza, ana musu albishir wai ƙofa ta buɗe, su yi maza su kawo kuɗi a cike musu takardu. Wannan na ƙarshen ne ya hana ni yin shiru, domin akwai bawan Allahn da zai sayar da babur ɗinsa ko gonar gado a kan labarin da ba shi da tushe.

Tun farko ma, sunan shugaban ƙasa ba ya kan takardar ƙuri'a a wannan zaɓe. Wa'adinsa shekara 4 ne, zaɓen kuma yana zuwa ne bayan ya ci biyu. Waɗanda ake zaɓa su ne dukkan 'yan Majalisar Wakilai su 435, masu wa'adin shekara 2 kacal, da kusan kashi ɗaya cikin uku na sanatoci 100, masu wa'adin shekara 6, sai gwamnonin jihohi 36. A Najeriya rana ɗaya ake zaɓen shugaban ƙasa da sanatoci da 'yan majalisar wakilai, su hau tare su sauka tare, shi ya sa idan aka ji an ce jam'iyyar shugaba ta faɗi zaɓe sai a ɗauka shi ma ya faɗi. Alhali a Amurka abu ne da aka saba gani. A 1994 jam'iyyar Bill Clinton ta rasa kujeru 54 a Majalisar Wakilai, a 2010 ta Barack Obama ta rasa 63, kuma dukkansu sun ƙarasa wa'adinsu har suka sake cin zaɓe bayan shekara biyu.

Da yake ba dukkan kujerun sanatoci ake takara a kansu ba, sakamakon yakan rabu gida biyu. A 2018 jam'iyyar Democrat ta karɓe Majalisar Wakilai da kujeru 235, amma a dare guda jam'iyyar Republican ta Donald Trump ta ƙara ƙarfi a Majalisar Dattawa, ta kai kujeru 53. Dalili kuwa, cikin kujeru 35 da aka yi takara a kansu a shekarar, 26 na ɓangaren Democrat ne, wato su ne ke da abin rasawa. A 2022 sai abin ya juya: Republican ta ci Majalisar Wakilai da 222 a kan 213, Democrat ta Joe Biden ta riƙe Majalisar Dattawa.

Na san inda tunanin tsigewa ya samo asali a wajenmu. Dattawanmu ba su manta da Balarabe Musa ba, gwamnan tsohuwar jihar Kaduna na jam'iyyar PRP, wanda majalisar jiha mai rinjayen NPN ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, sannan ta cire shi a watan Yunin 1981. Wanda ya ga wannan da idonsa yana da hujjar ɗauka cewa idan 'yan adawa suka mamaye majalisa, to shugaba ya fara haɗa kayansa. Sai dai majalisar jiha zaure ɗaya ce. Ta tarayyar Amurka zaure biyu ce, kuma kundin tsarin mulkinsu ya raba aikin cire shugaba tsakaninsu da gangan.

Majalisar Wakilai ita ce mai gabatar da ƙara, Majalisar Dattawa ita ce kotu. Wakilai suna rubuta tuhume-tuhume, su kaɗa ƙuri'a, kuma rinjaye ko na mutum ɗaya ya wadatar. Laifukan da kundin ya ambata su ne cin amanar ƙasa, cin hanci, da sauran manyan laifuka da munanan ayyuka. Ranar da wakilai suka amince da tuhuma, ranar ce kafafen labarai ke cika da cewa an tsige shugaba, alhali yana zaune a ofishinsa yana sa hannu a takardu, ba a rage masa ko ƙwayar zarra daga ikonsa ba. Daga nan wasu zaɓaɓɓun wakilai za su ɗauki takardar tuhumar da hannu, su taka a jere daga wannan ɓangare na ginin majalisa zuwa wancan, su miƙa wa sanatoci. Sanatoci su yi rantsuwa ta musamman cewa za su yi adalci, kowa ya sa hannu a littafin rantsuwa. Idan shugaban ƙasa mai ci ake yi wa shari'a, Alƙalin Alƙalai ne ke zama a kan kujera. A ƙarshe a kira sunan kowane sanata, ya miƙe tsaye ya ce mai laifi ne ko ba mai laifi ba ne.

A nan ne gizo ke saƙa. Ba a samun shugaba da laifi sai da amincewar kashi biyu cikin uku na sanatocin da ke wurin, wato 67 idan duka 100 sun halarta. Rabon da wata jam'iyya ta mallaki kujeru 67 ita kaɗai tun shekarun 1960. Ma'ana, babu yadda za a cire shugaba sai sanatocin jam'iyyarsa masu yawa sun juya masa baya.

Tarihi ya nuna tsayin wannan katanga. A 1868 Shugaba Andrew Johnson ya tsallake rijiya da baya: ƙuri'a 35 ta same shi da laifi, 19 ta wanke shi, ƙuri'a ɗaya tak ta rage. Clinton, wanda wakilai suka tuhuma a Disambar 1998, an wanke shi a Fabrairun 1999, masu neman cire shi ba su wuce 50 ba. Majalisar da aka zaɓa a 2018 ta tuhumi Trump a Disambar 2019, sanatoci suka wanke shi a Fabrairun 2020, kuma ɗan Republican ɗaya ne kawai, Mitt Romney, ya kaɗa ƙuri'ar samunsa da laifi a tuhuma ɗaya. A karo na biyu, bayan harin da aka kai wa ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021, sanatoci 57 suka ce mai laifi ne, 43 suka ce a'a. Rinjaye ne bayyananne, amma saura goma a kai 67, don haka aka wanke shi. Richard Nixon da ake yawan kawo misali da shi murabus ya yi da kansa a Agustan 1974 kafin zauren wakilai ya kaɗa ƙuri'a. Har yau Majalisar Dattawa ba ta taɓa cire shugaban ƙasa ba. Mutum 8 da ta taɓa samu da laifi dukkansu alƙalan tarayya ne.

Akwai kuma masu cewa idan an cire shi kurkuku za a wuce da shi, 'yan adawa su karɓi mulki. Duka biyun ba haka ba ne. Kundin ya iyakance hukuncin sanatoci ga abu biyu: cirewa daga muƙami, da haramta wa mutum sake riƙe muƙamin tarayya. Ba su da ikon ɗaurewa ko cin tara. Idan akwai laifin da ya cancanci ɗauri, sai kotu ta yi tata shari'ar daban. Kujerar kuma mataimakin shugaban ƙasa ne ke hawa, ɗan jam'iyyar wanda aka cire, kamar dai yadda Abba Musa Rimi ya gaji Balarabe Musa. Kakakin Majalisar Wakilai yana zuwa ne bayan mataimaki a jerin magada, sai idan an rasa su biyun.

A ganina wannan sharaɗi na kashi biyu cikin uku yana da hikima, ko da yake yakan bar mai laifi ya sha. Da rinjaye kaɗai ke cire shugaba, da kowane zaɓen tsakiyar wa'adi ya zama hanyar warware abin da jama'a suka zaɓa shekara biyu da suka wuce.

Kada a fahimce ni cewa cin Majalisar Wakilai ba komai ba ne. Babu dokar da za ta wuce sai zaurukan biyu sun amince da ita kalma da kalma, saboda haka shugaban da ya rasa zaure ɗaya manyan ƙudurorinsa sun tsaya cak. Dokokin haraji daga wakilai suke farawa, kuma gwamnati ba ta kashe ko sisi sai majalisa ta ware. An ga tasirin haka a rikicin kuɗin katangar iyakar Meziko, lokacin da Trump ya nemi dala biliyan 5.7. Wani ɓangare na gwamnati ya rufe daga 22 ga Disambar 2018 zuwa 25 ga Janairun 2019, kwana 35, ma'aikata kusan 800,000 ba su ga albashi ba, masu binciken kaya a filayen jiragen sama suna tsaye bakin aiki aljihu wayam. Sabuwar Majalisar Wakilai ƙarƙashin kakakinta Nancy Pelosi ta jam'iyyar Democrat ta ƙi ba da kuɗin, ƙarshe aka buɗe gwamnati ba tare da su ba. Masu rinjaye ne kuma ke shugabantar kwamitoci, su aika sammaci ga ministoci, su buƙaci takardu, su yi ta bincike har wa'adi ya ƙare. Amma su ma ba za su iya tilasta tasu dokar ba, domin shugaba yana da kujerar na-ƙi, kuma karya ta sai da kashi biyu cikin uku a kowane zaure.

Batun biza kuwa, a nan nake so a saurara da kyau. Dokar shige da fice ta 1952 ta ba shugaban ƙasa ikon dakatar da shigar baƙi idan ya ga shigarsu za ta cutar da muradun Amurka, kuma a Yunin 2018 Kotun Ƙoli ta goyi bayan takunkumin tafiye-tafiye na Trump da alƙalai 5 a kan 4. A ƙarshen Janairun 2020, lokacin da Democrat ke riƙe da Majalisar Wakilai, har da Ilhan Omar da Rashida Tlaib, mata Musulmi na farko da suka shiga majalisar, a lokacin ne aka saka Najeriya cikin ƙasashen da aka hana wa bizar zama ta dindindin, aka kuma cire Sudan daga cacar biza. Wakilai sun zartar da ƙudurin soke takunkumin a Yulin 2020, ya je Majalisar Dattawa ya kwanta. Abin da ya ɗage shi sa hannun sabon shugaba ne, Biden, ranar 20 ga Janairun 2021. Don haka duk wanda ya ce maka sakamakon zaɓen majalisa ya sauya dokar biza cikin dare, ka riƙe kuɗinka. Sabbin 'yan majalisar ma ba sa kama aiki sai 3 ga Janairu.

Ikon da ya fi daɗewa yana tasiri yana hannun sanatoci, kuma shi ne masu yaɗa jita-jita ba sa ko waiwaya. Su kaɗai ke tabbatar da ministoci, jakadu, da alƙalan tarayya, wakilai ba su da ta cewa. Yarjejeniya da wata ƙasa ma su ke amincewa da ita, da kashi biyu cikin uku. Alƙalan tarayya kuwa ba su da wa'adi, suna kan kujera har mutuwa ko murabus, sai fa idan an tsige su. A zaɓen tsakiyar wa'adi na 2014 Republican ta karɓe Majalisar Dattawa. Da gurbi ya samu a Kotun Ƙoli a 2016, Obama ya miƙa sunan Merrick Garland, shugaban masu rinjaye Mitch McConnell ya ƙi ko sauraronsa har wa'adin Obama ya ƙare, Trump ya zo ya cike gurbin da Neil Gorsuch. Rinjayen 53 da aka samu a 2018 shi ya ba da damar tabbatar da Amy Coney Barrett a Oktoban 2020, saura kwana 8 a yi zaɓen shugaban ƙasa, da ƙuri'a 52 a kan 48. Majalisar Wakilan da aka yi ta murnar cinta a 2018 ta watse tun Janairun 2021, waɗannan alƙalai kuwa suna nan suna yanke hukunci. Wani abu kuma, yawancin dokoki ba sa wucewa a Majalisar Dattawa sai sanatoci 60 sun yarda a rufe muhawara, amma tun daga 2013 aka fara cire naɗe-naɗe daga wannan ƙa'ida, a 2017 aka haɗa da na Kotun Ƙoli, don haka rinjaye ƙanƙani ya isa a naɗa alƙali.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne yadda ake raba kujerun wannan zaure mai ƙarfi. A Majalisar Wakilai yawan jama'a ake bi, Kalifoniya na da kujeru 52, Wyoming na da 1. A Majalisar Dattawa kuwa kowace jiha biyu ce, Kalifoniya mai mutum kusan miliyan 39 daidai take da Wyoming da ba ta kai 600,000 ba. Mazauna birnin Washington, inda majalisar kanta take, ba su da sanata ko ɗaya. Mun san irin wannan, tunda Kano mai wakilai 24 da Bayelsa mai 5 sanatoci uku-uku suke da su. Hujjar masu tsarin ita ce kada manyan jihohi su danne ƙanana, kuma hujja ce mai nauyi. Amma a Najeriya kowane zaure sai ya kawo kashi biyu cikin uku kafin a cire shugaba, bayan kwamitin mutum 7 da Alƙalin Alƙalai ya naɗa ya yi bincike. A Amurka hukuncin ƙarshe da naɗin alƙalai na har abada duk an damƙa su ga zauren da sanatocin tsirarun jama'a za su iya rinjaye a cikinsa. Gyara hakan kuma kusan ba zai yiwu ba, domin Sashe na 5 na kundin ya ce ba za a rage wa wata jiha daidaiton ƙuri'arta a Majalisar Dattawa ba sai da yardarta.